Kishin ƙasa da asusun kowa da kowa: wanne ya haifi wani?

Matashi mai jini a jika, lafiyarsa ƙalau, ana yanke masa wani kaso na albashinsa duk ƙarshen wata. Kuɗin nan ba ajiye masa ake yi ba. A yawancin ƙasashen da gwamnati ke riƙe da fansho, abin da aka karɓa daga hannun ma'aikatan yau da shi ake biyan tsofaffin yau, shi kuwa matashin sai a bar shi da alkawarin cewa idan nasa tsufan ya zo, yaran da ba a ma haifa ba tukuna za su biya shi. Haka abin yake a inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin rainon yara, da alawus ɗin waɗanda suka rasa aiki: mai lafiya ya ɗauki nauyin maras lafiya, mai samu ya ɗauki na maras samu, alhali ba su san juna ba, ba kuma za su taɓa haɗuwa ba.

Tilas kaɗai ba ta isa ta riƙe irin wannan tsari ba. A ƙasar da ake zaɓe, idan masu biya suka gaji, za su zaɓi wanda zai rage musu haraji, ko su ƙware wajen zillewa. Saboda haka masana suka daɗe suna tambaya: me ke sa mutum ya yarda a ɗauki nasa a ba wanda bai sani ba? Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce kishin ƙasa, wato mutum ya ji a ransa cewa shi da wancan baƙon ido al'umma ɗaya ne, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

Wanda ya fi fito da wannan hujja fili a zamaninmu shi ne David Miller, malamin falsafar siyasa a Jami'ar Oxford, tun a tsakiyar shekarun 1990. A ganinsa, raba arziki tsakanin masu shi da marasa shi yana buƙatar yarda da juna. Mai biya yana son ya tabbata cewa mai karɓa ba cutarsa yake yi ba, kuma ranar da reshe ya juya da mujiya, shi ma za a yi masa. Irin wannan yarda, in ji shi, ta fi samuwa tsakanin mutanen da ke ganin kansu a matsayin 'yan ƙasa ɗaya, masu tarihi ɗaya da makoma ɗaya. Maganar tana da ma'ana, kuma akwai abin da ke mara mata baya.

Babbar shaidar da ake kawowa ita ce Amurka. A 2019, kafin annobar korona ta hargitsa lissafi, Faransa tana kashe kusan kashi 31 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara a kan fansho da lafiya da tallafin jama'a, Amurka kuwa ba ta kai kashi 20 ba, duk da cewa ta fi Faransa arziki. Masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, Alberto Alesina da Edward Glaeser, sun bi diddigin wannan tazara tsakanin Amurka da Turai, a 2004 suka fitar da sakamakon cewa kusan rabinta ya samo asali ne daga rarrabuwar launin fata, ragowar rabin kuma daga tsarin siyasar ƙasar. A taƙaice, farar fata da dama suna kallon talauci a matsayin matsalar baƙar fata, don haka suna ganin kuɗinsu ne ake kwasa ana ba wasu da ba nasu ba. Martin Gilens, masanin siyasa a Amurka, ya nuna yadda jaridu da gidajen talbijin suka ƙara wa wutar fetur, domin idan za su nuna hoton talaka sukan nuna baƙar fata fiye da adadinsu na gaskiya a cikin matalautan ƙasar. Tun daga tushe ma an gina abin da gibi: dokar fanshon tarayya ta 1935 ta tsame ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, sana'o'in da suka ƙunshi kusan biyu bisa uku na baƙar fata masu aiki a lokacin. Masana tarihi suna ja-in-ja a kan dalili, wasu su ce matsin lambar 'yan majalisar jihohin kudu ne, wasu su ce wahalar karɓar gudummawa daga irin waɗannan ma'aikata ce. Ko ma wanne ne, sai a 1950 da 1954 aka shigar da su.

Har zuwa nan, zance ya tafi daidai da ra'ayin Miller. Amma akwai ƙura a gaba.

Idan kishin ƙasa ne ke sa a yarda da tallafi, ya kamata a ce ƙasashen da mutanensu suka fi alfahari da ƙasarsu su ne suka fi raba arziki. Abin da aka gani kusan akasin haka ne. Amurkawa sun daɗe suna cikin mutanen da suka fi bugun ƙirji da ƙasarsu a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da aka yi a ƙasashe masu arziki. Jamusawa kuwa, saboda abin da ya faru a zamanin Hitler, sun shafe shekaru da dama suna jin nauyin ko ɗaga tuta, amma tsarin tallafinsu yana cikin mafi girma a duniya. Moses Shayo, masanin tattalin arziki a Jami'ar Ibrananci da ke Ƙudus, ya duba alƙaluman ƙasashe masu dimokuraɗiyya da dama, ya buga sakamakonsa a 2009. Ya samu cewa talakawa sun fi masu kuɗi jingina kansu da ƙasa, kuma mutumin da ya fi alfahari da ƙasarsa ya fi yiwuwa ya ƙi goyon bayan raba arziki idan aka gwada shi da wani mai samu daidai da nasa. Bayaninsa shi ne, talakan da ya fi ganin kansa a matsayin ɗan babbar ƙasa yakan daina ganin kansa a matsayin talaka, ɗaukakar ƙasar sai ta zame masa abin rarrashin zuciya, ya rage neman haƙƙinsa. 'Yan siyasa sun san wannan tun kafin masana su auna shi. Shi ya sa idan aljihun gwamnati ya yi rauni akan ji an ƙara sautin taken ƙasa.

Abin da ke warware wannan saɓani, a ganina, shi ne an haɗa abubuwa biyu daban an ba su suna ɗaya. Alfahari da tuta da sojoji da tarihin cin yaƙi abu ne guda. Yarda cewa ɗan ƙasarka da ke can wani lungu abokin tarayyarka ne, yana da haƙƙi a kanka kamar yadda kake da shi a kansa, wannan wani abu ne daban. Mutum na iya zubar da hawaye idan ana rera taken ƙasa, amma yana ganin rabin mutanen ƙasar a matsayin cima-zaune. Na biyun ne tsarin tallafi ke buƙata, kuma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga ina yake fitowa.

Nan ne tarihi ya fi ba da haske, domin idan aka bi yadda manyan tsare-tsaren suka faro, za a ga sau da yawa ba haɗin kai ne ya zo da farko ba. An kafa tsarin ne domin a samar da haɗin kan da babu shi.

Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, daga masarautu da garuruwa masu cin gashin kansu, ga saɓani tsakanin Katolika da Furotesta, ga ma'aikatan masana'antu da ra'ayin gurguzu ke ta shiga ransu. Otto von Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, wanda ba wanda zai zarge shi da tausayin talaka, ya haramta ayyukan jam'iyyar 'yan gurguzu a 1878. Sannan ya juyo ta ɗaya hannun ya kawo inshorar rashin lafiya a 1883, ta hatsarin wurin aiki a 1884, da fanshon tsufa da naƙasa a 1889. Bai ɓoye manufarsa ba: ma'aikacin da ke jiran fansho daga daular ba zai so daular ta rushe ba. Wato ya sayi biyayya ne ga ƙasar da ba ta daɗe da haihuwa ba. Jam'iyyar da ya so ya kashe ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, amma tsarin da ya kafa ya tsallake rushewar daular, da mulkin Nazi, da rabuwar ƙasar biyu, yana nan har yau.

A Birtaniya yaƙi ne ya buɗe ido. Lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, 1899 zuwa 1902, hukumomi sun firgita da yawan samarin da suka zo shiga soja aka mayar da su saboda rashin ƙoshin lafiya. Daular da ke mulkin ɓangare mai yawa na duniya ta gano cewa 'ya'yan talakawanta ba za su iya ɗaukar bindiga ba. Ba a jima ba aka yi dokar ciyar da yara a makaranta a 1906, fanshon tsofaffi a 1908, inshorar ƙasa a 1911. Yaƙin duniya na biyu ya kammala aikin. Bom bai bambanta unguwar attajiri da ta lebura ba, an kwashe yaran birni an raba su a gidajen karkara, masu hali suka ga da idonsu halin da 'ya'yan talakawa ke ciki. Rahoton William Beveridge kan tsarin tallafin jama'a, da ya fito a Disamba 1942, takardar gwamnati ce mai cike da lissafi, amma an sayar da fiye da kwafi 600,000, mutane har layi suke yi. A ranar 5 ga Yuli 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ya ƙaddamar da hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, inda kowa zai ga likita ba tare da biya a bakin ƙofa ba. Abin lura shi ne yadda hukumar ta koma wani ɓangare na abin da Baturen Ingila ke nufi idan ya ce ƙasarsa. Nigel Lawson, tsohon ministan kuɗi a gwamnatin Margaret Thatcher, ya taɓa cewa ita ce abu mafi kusa da addini da mutanen Ingila ke da shi. A bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012 an fito da gadajen asibiti da ma'aikatan jinya tsakiyar fili a matsayin abin tinƙaho. A 2016 masu neman ficewa daga Tarayyar Turai sun rubuta a jikin motar yaƙin neman zaɓensu cewa fam miliyan 350 da ake aika wa Tarayyar duk mako gara a zuba wa NHS. Hukumar ƙididdiga ta ce adadin yaudara ne, amma masu kamfen ɗin sun san inda za su taɓa.

Suwidin ita ce ake yawan kawowa a ce ai su jinsi ɗaya ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, dole su taimaki juna. Masu wannan magana sukan manta cewa wannan jinsi ɗayan ne fiye da mutum miliyan ɗaya daga cikinsa suka gudu Amurka saboda talauci tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da shekarun 1920, kuma ƙasar ta yi suna wajen yajin aiki da gaba tsakanin ma'aikata da masu kamfanoni. A Mayu 1931 sojoji sun buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Adalen, mutum biyar suka mutu. Abin da Per Albin Hansson, shugaban jam'iyyar ma'aikata, ya yi shi ne ya sauya harshen jam'iyyarsa. A jawabinsa na 1928 ya kwatanta ƙasa da gida na gari, wanda babu ɗan mowa babu ɗan bora a cikinsa. Ya daina magana da sunan ma'aikata kaɗai, ya koma magana da sunan al'umma baki ɗaya. Ya hau mulki a 1932, ya ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar manoma a 1933, ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni suka yi sulhu a 1938, jam'iyyar ta riƙe mulki kusan ba yankewa har 1976. Yardar da 'yan Suwidin ke yi wa juna da gwamnatinsu, wadda ake ta yabo yanzu, an gina ta ne a cikin waɗannan shekaru.

Kanada ma haka. Inshorar ganin likita ta faro ne a lardi guda, Saskatchewan, bisa shirin gwamnatin Tommy Douglas, kuma ranar da ta fara aiki a Yuli 1962 likitoci suka tafi yajin aiki na kwana 23. Gwamnatin tarayya ta ɗauki tsarin a 1966. Zuwa 2004, da gidan talbijin na ƙasar ya nemi jama'a su zaɓi ɗan Kanada mafi girma a tarihi, Douglas suka zaɓa. Ƙasar da ke da harsuna biyu na hukuma, da lardin Kuibek da ya yi ƙuri'ar ɓallewa har sau biyu, da baƙi daga ko'ina, ta samu abin da za ta nuna ta ce wannan ne ya bambanta mu da maƙwabciyarmu Amurka. Wani bincike da Richard Johnston da Keith Banting da Will Kymlicka da Stuart Soroka suka buga a 2010 ya samu cewa a Kanada jin kai ɗan ƙasa ne yana ƙara wa masu hali goyon bayan tsarin tallafi, yana kuma rage illar zargin da ake yi wa baƙi, ko da yake tasirin bai kai yadda su Miller suka zata ba. Wannan bai ci karo da abin da Shayo ya gani ba. Abin da kishin ƙasa zai haifar ya dogara ne da labarin da ƙasar ke ba kanta game da kanta.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. T. H. Marshall, masanin zamantakewa na Ingila, ya faɗi makamancin haka a laccarsa ta 1949 a Cambridge, inda ya ce zama ɗan ƙasa ya ginu ne hawa-hawa: haƙƙin kariyar doka, sannan haƙƙin zaɓe, sannan haƙƙin samun ilimi da lafiya da abin rufin asiri. Wanda bai taɓa ganin ƙasarsa a asibiti ko a makaranta ko a takardar fansho ba, sai a shingen 'yan sanda da ofishin haraji, da wuya a gamsar da shi da wa'azin kishin ƙasa.

Yadda aka tsara tallafin ma yana da nasa tasirin, wataƙila fiye da yadda ake zato. Hankali zai ba mutum cewa idan ana son taimakon talaka, a ware shi a ba shi shi kaɗai, kada a ɓarnatar da kuɗi a kan masu hali. Walter Korpi da Joakim Palme na Jami'ar Stockholm sun nuna a 1998 cewa ƙasashen da suka bi wannan hanya sun fi kasa rage talauci a kan waɗanda suka shigar da kowa. Dalili a bayyane yake. Shirin da talaka kaɗai ke amfana da shi ba shi da mai kare shi ranar da aka zo yankan kasafi, kuma yana raba jama'a gida biyu, masu biya da masu karɓa, tare da duk binciken ƙwaƙwaf da wulaƙancin da ke biyo baya. Wanda kowa ke ciki, likita da direba, kowa ke tsare shi. An yi ta muhawara a kan ko lissafinsu yana nan daram a alƙaluman baya-bayan nan, amma ɓangaren siyasar maganar Amurka da kanta ta gaskata shi. Fanshon tarayya da inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare, wadda aka kafa a 1965, kowa na ciki, kuma ɗan siyasar da ya taɓa su ya san ya taɓo wa kansa. Tallafin iyalai matalauta kuwa, shi Ronald Reagan ya yi ta yi wa shaguɓe a kamfen ɗinsa na 1976 da labarin wata mata mai damfarar gwamnati, shi kuma Bill Clinton ya taƙaita a 1996. Mutane ɗaya, ƙasa ɗaya, launin fata bai sauya ba, amma hukunci biyu. Har ma Medicare ta yi wani aikin da ba a cika ambata ba: a 1966 an gindaya wa asibitoci sharaɗin daina ware baƙar fata kafin su karɓi kuɗinta, cikin 'yan watanni dubban asibitoci suka bi.

Ba sai an je ƙasashe masu arziki za a ga wannan ba. Edward Miguel, masanin tattalin arziki, ya kwatanta gundumar Busia a yammacin Kenya da gundumar Meatu a Tanzaniya, wurare biyu masu kama da juna a yanayi da yawan ƙabilu, ya buga sakamakon a 2004. A Busia, duk inda ƙabilu suka fi cakuɗuwa, gudummawar da iyaye ke tarawa don makarantar firamare ta fi ƙaranci. A Meatu bai ga wannan bambancin ba. Abin da ya danganta shi da shi shi ne aikin Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko: ya ɗaukaka Suwahili ya zama harshen kowa a ƙasar da ke da ƙabilu fiye da 120, ya sa manhajar makaranta ta koyar da tarihin ƙasa ɗaya, ya yi ƙoƙarin raba ayyukan gwamnati ba tare da fifita yankinsa ba. Manufofinsa na tattalin arziki sun jefa ƙasar cikin wahala, wannan ba a musu. Amma ya nuna cewa yawan ƙabilu ba hukuncin ƙaddara ba ne.

Sai dai duk gidan da aka kewaye, akwai waɗanda suka rage a waje, kuma nan ne fuskar abin maras kyau take. A wannan Suwidin ɗin da ake yabo, tsakanin 1935 da 1975 an yi wa kimanin mutum 63,000 aikin hana haihuwa, akasarinsu mata, da yawa bisa matsin lamba, saboda hukuma ta ga ba su dace da al'ummar da ake ginawa ba. Afirka ta Kudu ta kafa fanshon tsofaffi a 1928 don farar fata da masu ruwa biyu, aka shigar da baƙar fata a 1944 da kuɗi ƙalilan, ba a daidaita ba sai 1993. A Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 'yan ƙasa suna samun ilimi da magani da aikin gwamnati ba tare da biyan harajin albashi ba, amma 'yan ƙasar wajen kashi ɗaya ne cikin goma na mazauna, sauran da ke gina titunan da benayen kusan ba su da hanyar shiga sahu ko sun shekara talatin. A Birtaniya, jirgin ruwan Windrush ya sauke baƙi daga yankin Karebiyan makonni biyu kacal kafin a buɗe NHS, kuma su da 'yan Indiya da 'yan Afirka sun riƙe asibitocin shekara da shekaru. A 2018 ta bayyana cewa an hana wasu daga cikin mutanen wannan zuri'a magani da aiki, wasu ma an kore su daga ƙasar, saboda ba su da takardun da ba a taɓa ce musu su ajiye ba.

Wannan ne ya sauya siyasar Turai a shekaru talatin da suka wuce. Da, jam'iyyun masu ƙyamar baƙi suna adawa da haraji da tallafi gaba ɗaya. Daga baya suka gane cewa masu zaɓensu ma'aikata ne da tsofaffi masu son tallafin, sai suka koma cewa a ƙara shi, amma ga 'yan gida kaɗai. Masana biyu, Jørgen Goul Andersen da Tor Bjørklund, sun hango wannan tun 1990 a Danmak da Norwe. A 2002 Danmak ta kawo alawus mai rahusa ga wanda bai zauna a ƙasar shekara bakwai cikin takwas da suka gabata ba, aka soke shi a 2012, aka dawo da makamancinsa a 2015. Jam'iyyar ma'aikata ta Mette Frederiksen ta ci zaɓen 2019 da haɗin tsauraran matakai kan shige da fice da alkawarin kare tallafi, tana cewa ɗaya ba zai ɗore ba sai da ɗayan. A Folan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta PiS ce, ba ta 'yan gurguzu ba, ta kawo kuɗin yara na zuloti 500 a wata a 2016, da sunan raya iyali da al'ummar ƙasa, kuma gwamnatin da ta gaje ta ba ta yi gangancin soke shi ba.

Ba baƙi kaɗai ake iya fitarwa daga lissafi ba. A Beljiyom, yankin Waloniya mai magana da Faransanci shi ne mai arziki a zamanin kwal da ƙarfe, daga shekarun 1960 arzikin ya koma Filandas mai magana da harshen Holan. Tun daga nan kuɗin da ke gangarawa kudu ta hanyar fansho da inshora ya zama babban makamin masu son ɓallewar arewa. An riga an miƙa kuɗin rainon yara ga yankuna a gyaran tsarin mulki na shida, kuma a Fabrairu 2025 Bart De Wever, jagoran 'yan kishin Filandas, ya zama firaministan ƙasar da jam'iyyarsa ta rubuta a kundinta cewa tana son yankinta ya fita daga cikinta. Masu son Beljiyom ta ɗore sun san asusun inshorar tarayya na cikin 'yan igiyoyin da suka rage, shi ya sa suke riƙe da shi gam. Sikotlan ta bi ta wata hanyar, ta mai da kula da tsofaffi kyauta a 2002 da magani kyauta a 2011 hujjar cewa ita al'umma ce mai halinta daban da Ingila. Jamus kuwa, bayan haɗewar 1990, ta ɗora wa masu biyan haraji ƙarin kaso don gina gabashi, an yi gunaguni amma an biya shekara da shekaru, har aka daidaita ma'aunin fanshon gabas da yamma a 2023. Jamusawan nan ne kuma, da rikicin bashin Girka ya taso a 2010, da yawansu suka ga ba dalilin da zai sa su ɗauki nauyin wata ƙasa, duk da kuɗi ɗaya, wato yuro, da ƙasashen biyu suke kashewa.

Matsin da ke tafe daga lissafin haihuwa yake. A farkon shekarun 1960 kimanin ma'aikata shida ne ke biya wa ɗan fansho ɗaya a Jamus ta Yamma, yanzu wajen biyu ne. Italiya da Japan da Koriya ta Kudu suna cikin hali irin wannan ko mafi tsanani. Hanyoyin da suka rage ba su da yawa: a ƙara shekarun ritaya, wanda ya fito da miliyoyin Faransawa kan titi a 2023 da aka ɗaga shi daga 62 zuwa 64, ko a ƙara haraji, ko a rage fansho, ko a shigo da ma'aikata daga waje. Gidajen kula da tsofaffi a Jamus da Italiya da Birtaniya sun riga sun dogara da hannun baƙi. Ke nan tsohon da ya jefa ƙuri'a don a rufe ƙofa, sau da yawa baƙuwa ce ke ɗaga shi daga gado da safe, kuma daga albashinta ake cire wani ɓangare na fanshonsa. Jamus ta rage shekarun da ake jira kafin neman zama ɗan ƙasa daga takwas zuwa biyar a 2024, Danmak kuwa tana ƙara tsaurara nata sharuɗɗan, kuma dukkansu biyun suna cewa tsarin tallafinsu suke karewa.